Ranar Wankan Bindigar Yefim

A ƙauyenmu na Lemyuga, a bakin kogin Pinega, bindiga ba ta kwana ɗaki ɗaya da mai ita. A zaure take zama, cikin akwatin ƙarfe, tsakanin gangar kabeji mai tsami da tarin itacen wuta, inda sanyin ciki da na waje duk ɗaya ne. Ƙarfen da ya wuni cikin dusar ƙanƙara, in aka kawo shi kusa da murhu, gumi yake yi kamar mutum. Gumin ya gangara lungunan da tsumma ba ya kaiwa, gobe a fita da shi ya daskare. Wannan ko yaranmu sun sani. Abin da ba kowa ke da haƙurin yi ba shi ne abin da Yefim Lukich yake yi duk shekara in dusar farko ta sauka. Yakan shigo da tasa ɗaki, ya kwance ta kaf, ya wanke mata man da ta sha tun bazara, domin mai ma daskarewa yake yi a irin sanyinmu, ya riƙe ƙarfe kamar danƙo a daidai lokacin da mutum ya fi bukatarsa.

Yefim ɗan guntun mutum ne siriri. In ya sa rigar fatarsa ta sanyi sai ka rantse rigar ce ke tafiya ita kaɗai. Lukich muke kiransa, da sunan ubansa, kamar kowane dattijo. An haife shi a shekarun yunwar da suka biyo bayan babban yaƙi, ya tashi yana bin ubansa duba tarko. Da ya zama saurayi ya yi aikin tura gumagumai a kogi, yana tsalle daga wannan zuwa wancan da doguwar sanda mai ƙugiya, har ranar da ya faɗa ruwa. Da aka tsamo shi sai ya ce shi daji ya fi masa, ko ba komai ƙasa ba ta juyawa da mutum. Ya shiga ƙungiyar farauta ta gwamnatin wancan zamani, aka ba shi tsohuwar bindigar soja mai ɗura kanta: ka harba, ita da kanta ta tofar da kwanso ta ɗauko harsashi na gaba. Gwamnatin ta tafi, ƙungiyar ta watse, bindigar ta zauna a hannunsa da takardunta.

Harsashi goma take ci. Mutanen gari sukan ce an yi asarar bindiga, domin Yefim guda ɗaya yake harbawa. In gwanki ya fito, wato ƙaton naman dajinmu mai faffaɗan ƙaho da ya fi doki tsayi, ƙara ɗaya za ka ji daga wajen Yefim, sai kowa ya fara wasa wuƙarsa. Sauran harsasan sun yi ta yawon daji a cikinta shekara da shekaru, har sun fi wasu mafarautan sanin hanya. Maganarsa ma ba ta fi harbinsa yawa ba. Matarsa Anfisa takan ce ranar da ya zo neman aurenta hantar gwanki ya ajiye a teburin uwarta, ya zauna ya sha shayi har buta ta ƙare, ya ɗauki hularsa ya tafi. Uwar ce ta fassara mata abin da ya faru.

To, bara ne hannunsa na dama ya fara rawa. Da fari babban yatsa ne yake murza na kusa da shi, kamar mai barbaɗa gishiri a miya. Daga baya hannun duka ya ɗauka. In ya zauna a bakin wuta sai hannun ya yi ta kiɗa a kan gwiwarsa, shi kuwa yana kallon wani waje kamar hannun na maƙwabci ne. Da bazara Anfisa ta ja shi asibitin gunduma, likita ya faɗi sunan ciwon, ya ba da ƙwayoyi, ya ce ba ya kisa da wuri amma ba ya barin mutum. Yefim ya dawo ya riƙa ɓoye hannun a aljihu. Sai aljihun ya kama rawa.

Farautar gwanki a wajenmu ta taro ce. Wasu su jeru a layi, kowa a matsayarsa da bindiga, wasu kuma su zagaya ta baya suna bugun itatuwa suna kuwwa, su koro dabbar zuwa layin. Ma'ana masu kora suna tahowa ne kai tsaye zuwa bakin bindigogin 'yan'uwansu, ba su da abin dogaro sai Allah sai hankalin wanda ke tsaye. Matsayar Yefim kuwa sananniya ce, gindin wata tsohuwar itaciya da aradu ya tsaga biyu, a kwanar rafi, inda gwanki ya fi son bi. Tun kafin a haifi rabin 'yan ƙungiyar yanzu yake tsayawa a wurin.

Da lokacin farauta ya matso, 'yan ƙungiya suka taru a rumfar Rodion, shugabansu, inda yake gyaran injinan kwale-kwale. Aka yi zancen karnuka, aka yi zancen man fetur, aka yi zancen wanda zai kawo tukunya, har zance ya ƙare aka rasa abin fakewa. Rodion ya goge hannunsa da tsumma fiye da yadda hannun yake bukata, sannan ya ce bana ba zai iya tura mutane su tunkari wancan hannu na Yefim ba. Shi ɗin kuwa Yefim ne ya koya masa ko yadda ake taka dusa ba ta yi ƙara ba. Ba wanda ya musa. Da aka zo kan wa zai je ya faɗa masa, duk sai ido ya koma kan Nikanor Fomich.

Nikanor shi ne tsohon matuƙin jirgin fito, mutum mai tumbi da murya, wanda in ya fara labari a wannan gaɓa sai fasinja sun sauka a waccan yana bin su da sauran. Benci ɗaya suka zauna da Yefim a makaranta, kuma tun daga lokacin suka raba aiki: Nikanor ya yi magana, Yefim ya yi shiru. Ya nemi zamewa, ya ce ƙafarsa na ciwo, ya ce matarsa na jiransa, amma aka ce in ba daga bakinsa ba, daga bakin wa tsohon zai karɓa?

Washegari da hantsi ya kama hanya. Dusar farko ta sauka da asuba, gari ya yi fari tas, hayaƙi na tashi a miƙe daga kowane rufi. Yana tafe yana shirya jawabi. Zai fara da tsufa, ya ce dukkansu sun ci zamaninsu. A'a, zai fara da yabo. Kafin ya kai ƙofar gidan ya shirya jawabin ya rushe shi har ya rasa kansa da gindinsa.

Anfisa ce ta buɗe masa. Ta kalle shi sama da ƙasa, ta ce ya kakkaɓe takalmansa.

"Ka iso a daidai, Fomich. Yau surukata ta shigo ɗaki. Ka san doka, ka haɗiye harshenka."

Haka take kiran bindigar, surukarta, wai don ta riga ta zuwa gidan, in ta shigo ita ke da tebur, kuma ba mai buɗe baki a gabanta. Dokar ta gaske ce: muddin akwai ƙarfe a warwatse a kan teburin, ba mai magana sai mai gida. Kyanwar gidan ma an rufe ta a sito, tun shekarar da ta buga wani ɗan ƙarfe ya shige ƙarƙashin daɓen katako, aka wuni ana ɓamɓare alluna. Nikanor ya ji wani sanyi a ransa. Ga shi an hana shi faɗin abin da ba ya son faɗa. Ya zauna a benci kusa da murhu, Anfisa ta ajiye masa shayi da fanke mai dankali a ciki, ta koma kan tukunyarta.

Yefim yana zaune a kan tebur kusa da taga. Ya ɗaga masa kai, gaisuwar ke nan. An kwashe kwanoni, an shimfiɗa tsohon zanen gado fari. A gefe ga tasa da kananzir, ga tsummokaran lilin da aka yayyaga daga tsohuwar riga, ga gashin dinya guda biyu, ga 'yan tsinkayen itace da ya fiƙe da kansa. Bindigar tana kwance a tsakiya, a naɗe cikin rigar fata tun safe, don ta sha ɗumin ɗaki a hankali kada ta yi gumi. Hannunsa na dama kuwa yana kan zanen yana ta kaɗawa, har kananzir ɗin cikin tasa yana ɗan motsi. Nikanor ya kawar da kai. Ya ji tausayi ya kama shi tun kafin a fara, yana hango 'yan ƙarafa suna zubewa ƙasa, tsoho yana rarrafe yana lalube.

Yefim ya warware rigar, ya miƙa hannu ya kama bindigar.

Nan take hannun ya tsaya cak. Bai rage rawa a hankali ba, tsayawa ya yi gaba ɗaya, kamar tsuntsun da ya gama shawagi ya sauka a reshensa. Nikanor ya ɗauka idonsa ne, ya ajiye fanken ya ƙara dubawa. Yefim ya juya bakin bindigar zuwa kusurwar da ba kowa, ya ja sakatarta baya, wato ƙarfen da ke tura harsashi cikin bututu, ya leƙa ciki, ya sa ɗan yatsa ya taɓa don ya tabbata ba harsashi, duk da shi ne ya zazzage ta da hannunsa tun ƙarshen hunturun bara. Sannan ya fara kwancewa.

Nikanor ya sha ganin ana kwance bindiga. Shi ma ya yi soja, an sa shi ya yi da gudu sajan yana masa tsawa a ka. Amma bai taɓa zama ya kalli wannan ba, domin a da in ya ji an ce ranar wanka ce gudu yake yi, tsoron shirun. Yefim ba ya sauri, ba ya kuma tsayawa. Ya zare siririn ƙarfen goge ciki daga ƙarƙashin bututu. Ya murɗa wani ɗan maɓalli da babban yatsa, murfin baya ya taso ya faɗo cikin tafinsa kamar dama jira yake. Dogon sifirin ya biyo, yatsu biyu suka tare shi tun kafin ya yi tunanin tsalle. Sakata ta zamo baya ta fito. Bututun hayaƙi na sama ya rabu, fistin ɗinsa ya sulalo baƙi ƙirin. Kunama da 'yan'uwanta suka fito a dunƙule, katako ya saki ƙarfe. Kowane abu yana da wurinsa a kan zanen, har zanen ya yi tabon kowannensu saboda daɗewa, kamar an zana musu makwanci. Idon Yefim ma ba a kan aikin yake ba. Taga yake kallo, inda wani hankaka ke tafiya a kan shinge.

Sai wanka. Ya tsoma ƙarafan ɗaya bayan ɗaya cikin kananzir, yana juya su da yatsu, tsohon mai yana narkewa yana rina tasar. Inda tsumma ba ya shiga gashin dinya ya shiga, inda baƙin hayaƙi ya kama ya ƙi saki ya kankare shi da tsinken itace, domin ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe a teburin Yefim. Fistin ɗin nan baƙi ya yi ta shan murza har ya fito yana ƙyalli kamar cokalin baƙo. Warin kananzir ya cika ɗaki, ya gauraya da ƙanshin miyar kabeji. Ba ka jin komai sai ƙarar itace a murhu da ɗan ɗigon da ke komawa tasa. Shayin Nikanor ya huce a hannunsa bai sani ba. Yatsun nan da jiya ba su iya zaman lafiya a aljihu, ga su suna zare allurar da ke sarar harsashi daga cikin sakata, abin da bai fi tsinken tsire kauri ba, suna goge raminta da gashin tsuntsu, suna mayar da ita ba tare da ta ko gogi gefe ba.

Yefim ya goge sakatar ta bushe, ya riƙe ta a saman tebur, ya saki jikinsa. Ka'ida ce a girgiza ta a ji allurar tana kacau-kacau a ciki, alamar ba abin da ya riƙe ta. Yana daina aiki hannun ya koma rawarsa, allurar ta kama kacau-kacau ita kaɗai.

"Ka ji, Fomich?" in ji shi, fuskarsa ba ko murmushi. "Wannan gwajin yanzu ba mai kama ƙafata a gundumar nan."

Dariya ta taso wa Nikanor, doka ta hana ta fita, ta koma ta hanci, har Anfisa ta juyo ta harare shi.

Bututu ne ƙarshe. Yefim ya naɗa lilin a kan siririn ƙarfen, ya tura ya jawo, ya sake sabo, ya tura ya jawo, har tsumman ya fito fari yadda ya shiga. Ya ɗaga bututun ya saita shi da taga, ya daɗe yana leƙawa. Sannan ya yi abin da bai taɓa yi wa kowa ba: ya miƙa wa Nikanor. Nikanor ya goge hannunsa a wando ya karɓa, ya kanne ido ɗaya. Hasken dusar waje ya shigo ta ɗaya bakin ya murɗa, ya biyo layukan ciki yana zagayawa kamar ruwan rijiya in rana ta faɗa ciki, ba tsatsa, ba ƙura, ba ko ɗigo. Bindigar da ta girmi Rodion, ta kwana a dusa, ta faɗa fadama, ta sha ruwan sama na shekarun da ba a ƙirga ba. Ya ji tsigar jikinsa ta tashi kamar ya leƙa cikin coci ranar idi. Ya mayar da ita da hannu biyu.

Haɗawa ta fi kwancewa sauri. Ƙarfe busasshe yana da muryarsa, kowane abu in ya koma mazauninsa sai ya ba da wata 'yar ƙara mai tsabta. Yefim bai ɗiga mata ko ɗigon mai ba. Nikanor ya san abin da hakan ke nufi, daji za ta. Amma yanzu ko a jikinsa. A zaunen nan ya riga ya juya jirginsa. Zai koma rumfar Rodion ya gaya musu su duka sakarkaru ne, su da ko igiyar takalmi ba su iya ɗaurewa da safar hannu, su zo su ga hannu.

Yefim ya miƙe tsaye. Ya ja sakatar ya sake ta, ta rufe da ƙara guda. Ya ɗaga bindigar ya kafa gindinta a kafaɗa, ya kwantar da kunci, ya auna wani kulli a jikin gungumen bango, can sama da ƙofar sito. Bakin bindigar ya tsaya kamar an kafe shi da ƙusa. Yefim bai sauke ba, ya ci gaba da riƙewa, yadda mai tsayuwa yake riƙewa in ya ji motsi a duhuwa bai ga mai motsin ba. Can sai bakin bindigar ya ɗan gyaɗa. Ya sake gyaɗawa. Kafin ka ce me, yana zana 'yan da'irori a iska, maɗaurin fata yana kaɗawa a ƙasa.

Ya sauke, ya huta, ya sake ɗagawa. Ta tsaya, ta tsaya, sannan rawar ta dawo ta same shi a inda ta same shi da fari. Anfisa ta juya baya tana motsa miyar da ba ta bukatar motsi.

Yefim ya kwantar da bindigar a kan zanen. Ya zauna ya daɗe yana kallonta. Sai ya sa babban yatsa ya murɗa maɓallin nan, murfi ya sake faɗowa cikin tafinsa.

"Anfisa, miƙo mini gwangwanin da ke ƙarƙashin matakala."

Ta tsaya da ludayi a hannu. Ta tambaye shi ko ya tabbata, a hankali, ba da muryar da take masa faɗa ba. Ya gyaɗa kai. Ta fita ta dawo da gwangwanin giris, man inji mai kaurin nan ruwan zuma. A wajenmu bindigar da aka cika wa giris ba ta zuwa ko'ina. Ana yi mata haka ne in mai ita zai yi doguwar tafiya, ko in ya mutu 'ya'yansa suna birni. Yefim ya buɗe gwangwanin, ya lakato da yatsa, ya fara shafe sakatar da ya wuni yana busarwa.

A nan Nikanor ya karya doka.

"Lukich, me kake yi haka? Giris, a farkon hunturu? Ka haukace ne?"

Da bakin ya buɗe kuwa sai ya ƙi rufuwa. Ya ce shi da idonsa ya gani, hannun nan ya fi na Rodion tsayawa, ya fi na likitan da ya ba shi ƙwayoyin. Ya ce gwanki in ya fito ai ɗagawa ake yi a harba, wa ya ce sai an tsaya ana masa kallon ƙauna? Ya ce itaciyar nan ta kwanar rafi ba ta san bayan kowa ba sai nasa. Yana cikin zuba sai ya ji kansa, ya tuna abin da aka aiko shi ya faɗa, amma ya ci gaba, don bai ga dalilin tsayawa ba.

Yefim ya bar shi har ya gaji. Yana shafa giris a jikin sifirin ya ce, "Ka tuna shekarar da ka ɗinka rigar fata ruwan ƙasa?"

Wa zai manta? A shekarar Nikanor ya cika cikinsa da miyar wake kafin a fita. Ana tsakiyar tsayuwa ciki ya murɗa masa, ya bar matsayarsa bai gaya wa kowa ba, kuma maimakon ya yi baya sai ya kutsa gaba cikin duhuwar ƙananan itatuwa, ya tsuguna. Yefim daga gindin itaciyarsa ya hango wani ƙaton abu ruwan ƙasa yana motsi a duhuwar yana nishi. Abin da ya miƙe daga baya ba shi da ƙaho, wando yake ja. Gari ya yi shekaru yana dariyar wannan, Nikanor da kansa yakan ba da labarin a wajen biki, har da kwaikwayon nishin.

"Na daɗe ina riƙe da kai a saiti ranar nan, Fomich," in ji Yefim. "Yatsana yana kan kunama, har ya ɗan ja ta. Ina jira in ga kunne, ko ƙaho, ko ƙafa. Kai kuwa ba ka da niyyar tashi." Ya juya sifirin ya shafa ɗaya gefen. "Harbi ba wuya, ko yau zan harba in samu. Jiran nan shi ne aikin. Hannun nan ya daina iya jira."

Wannan ɓangaren labarin Nikanor bai taɓa ji ba. Ya ji bayansa ya yi sanyi a daidai tsakanin kafaɗu, shekaru da yawa bayan abin ya wuce, ga shi kuwa yana jingine da murhu.

Can Yefim ya tambaye shi abin da ma ya kawo shi da hantsin nan. Nikanor ya ce wai zarto ya zo aro. Anfisa ta tuntsire da dariya tana share ido da gefen ɗankwali, ta ce wa mijinta Rodion ne ya aiko shi, tun daga taga ta hango shi yana tahowa yana yi wa shinge jawabi da hannu biyu.

"Na sani," in ji Yefim. "Da wani suka aiko da na ji haushi. Zo ka riƙe mini nan, tunda ka riga ka ɓata mana shiru."

Nikanor ya matso ya riƙe bututun, Yefim ya cika cikinsa da giris har hasken nan ya toshe. Suka haɗa ta, yanzu ba ta ba da ƙara, kowane ƙarfe yana komawa wurinsa shiru. Suka naɗe ta da takarda mai maiƙo da tsohon buhu, suka fita da ita zaure. Yefim ya kwantar da ita a akwatin, ya kulle, ya ba Anfisa makullin. Aka buɗe wa kyanwa sito, ta fito tana zagin kowa.

A wajen cin miya Yefim ya yi magana fiye da yadda ya yi a watan gaba ɗaya. Cokali yana ƙara a jikin kwanonsa, bai kuma ɓoye hannun ba. Ya ce a gaya wa Rodion ya sa shi cikin masu kora, ƙafafunsa ba abin da ya same su, kuma yaran da ake turawa kora suna tafiya ne kamar masu zuwa kasuwa, suna barin gwanki yana zamewa ta tsakaninsu. Ya ce bana dabbobin sun koma wajen tsohuwar ƙuna, inda gobara ta taɓa cin daji sabon toho ya fito, daga can za a fara, iska tana bayan mutum. Itaciyar kwanar rafi kuwa Rodion da kansa ya tsaya a wurin, kada ya ba wani.

"Ni fa?" in ji Nikanor, da ɗan guntun fata.

"Kai ka tsaya inda aka sa ka. Kuma kada ka ci wake."

Da la'asar Nikanor ya isa rumfar. Suna nan kusan su duka, kowa ya ƙirƙiro abin da ya kawo shi. Rodion ya ajiye sifana ya tambaye shi ko ya faɗa masa, kuma yaya tsohon ya ɗauka. Duk suka gyara zama, sun san in Nikanor ya fara sai an kunna fitila.

"Ban faɗa masa komai ba," in ji Nikanor. "Ya sa mata giris. Zai yi mana kora."

Suka jira sauran, sauran bai zo ba. Ya isar da saƙon tsohuwar ƙuna da na itaciya a taƙaice, ya gyara hularsa ya fita. Da ya isa gida ya buɗe akwatinsa na zaure, ya ɗauko tasa bindigar da rabon a kwance ta tun ana bikin 'yarsa, ya naɗe ta da rigar fata ya shigo da ita ɗaki. Ya kwashe kwanonin tebur, ya ce a ba shi kananzir da tsohuwar riga, kuma don Allah a yi masa shiru. Matarsa ta zo ta taɓa goshinsa ta ji ko zazzaɓi ne.